Takalmi Har Hammata

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ɗan ƙanena ba, ko da yake na gwada mantawar. Zan faɗi abin bi da bi, don ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

Da farko, ni mai farautar agwagin ruwa ne. Tun ina aikin sito a Kankiya nake taɓawa, da na yi ritaya kuma na mayar da ita aikin kowace Asabar, daga ɗaukewar damina har ruwa ya ja baya. Wanda bai sani ba yana zaton harbin ne aiki. Aikin shi ne ka shiga ruwa ka ɗauko abin da ka harba da sauri ka yanka. Ruwan kuwa akwai matsattsaku, akwai ƙaya kwance cikin laka, akwai tsargiya, wadda na sha maganinta sau biyu. Takalmin ruwa mai tsayawa a gwiwa ba ya hana komai, da ka ƙara taku ɗaya ruwa ya zuba ta sama. Saboda haka na yanke shawarar sayen irin wanda ke kaiwa ƙirji, kuma na ce sau ɗaya zan saya, ya raka ni har in daina farauta.

Na biyu, sayen. Wani mai gwanjo ne a kasuwa, Lawal, ya buɗe mini kala biyu.

"Baba, wanga wando daban, takalmi daban. Ka sa wandon, ka ɗora takalmin ka ɗaure. Wanga kau a haɗe yake, tun daga yatsa har ƙirji abu guda, da maɗauri biyu a kafaɗa."

Sai na fara bincike. Na juya kowanne ciki waje na bi liƙin da ɗan yatsa. Na lanƙwasa tafin takalmin na ga ko zai nuna tsaga. Na karce gwiwar da ƙusa. Daga nan na sa aka kawo ruwa jarka biyu, na cika su, na rataye a jikin rumfa, na zauna ina jiran ɗigo. Tun hantsi har aka kira azahar.

Lawal ya ce, "Baba, ko matar aure ba a yi mata wannan binciken."

Na ce masa shi ya sa ake yawan saki.

Na ɗauki haɗaɗɗen, kuma dalilaina biyu ne. Shekarun da na yi a sito sun koya mini cewa duk kayan da ya zo gida biyu, wata rana za a nemi ɗaya a rasa. Sannan yashi zai riƙa shiga tsakanin takalmi da wando yana cin robar a hankali. Har yau ban ga kuskure a waɗannan dalilai ba. Da zan tafi Lawal ya ce kada in sa dogon wando a ciki, zafin kaka zai dafa ni. (Ita ce shawara ɗaya tak da na karɓa daga bakinsa, kuma ita ce ta kashe ni.)

Na uku, auren. Nura, ɗan ƙanena Sule, shi ne ango. Amaryar, Hajara, 'yar wasu makiyaya ce da ke zaune kusa da garin Ƙofa. Ba a samu auren nan da sauƙi ba. Baffanta, Malam Buba, sau biyu yana mayar da mu. Ya ce ya san mutanen gari, su ɗauki yarinya da fara'a, bayan wata uku su fara toshe hanci idan danginta sun zo, wai warin nono. Ni na yi ta sintiri har ya sauko, na ba shi baki cewa gidanmu ba haka yake ba. Kuma ni ne wakilin ango, don ni ne babba.

An sa lokaci bayan azahar, ranar Asabar. Matata ta ce in bar farautar wannan makon. Na ce babu dalili: asuba in fita, ƙarfe goma in dawo, sha ɗaya wanka, sha biyu tafiya. Tun Juma'a na goge kayana da kaina. Babbar riga da hula na rataye a ƙusa, wandon kuma na ninke na sa ƙarƙashin katifa don karinsa ya tsaya, kamar yadda na saba.

Ranar na shiga robata tun daga gida, na hau babur, muka nufi ruwan da ke gefen Kusada ni da abokin farautata Tanko. Agwagi biyu na samu, kirinjijiya. Ina tsaye ruwa har ƙirji, ko ɗigo bai shiga ba, ina yaba wa kaina, sai na hango Sule a bakin ruwa yana ɗaga riga sama.

"Yaya, fito! Tun ɗazu nake kiran wayarka."

Wayar tana cikin jaka a tudu. Ashe rasuwa aka yi wa limamin Ƙofa a wani gari, zai tafi jana'iza, aka dawo da ɗaurin aure ƙarfe goma. Saura ƙasa da rabin awa. Sule ya biya gidana ya karɓo mini kaya.

Na duba. Riga, hula.

"Wandon fa?"

"Abin da ke jikin ƙusa shi aka ba ni, Yaya."

Dole in faɗi gaskiya a nan: Sule ya ce in karɓi nasa wandon da takalminsa, shi ya tsaya baya. Na ƙi. Ban taɓa sa wandon ƙanena ba, kuma ban ga ranar farawa ba. Na lissafa cewa babbar riga za ta rufe ni har ƙwauri, abin da za a gani takalmin ruwa ne kawai, kuma a lokacin kaka ba abin mamaki ba ne a ga dattijo da shi. Na wanke lakar tas, na bar wa Tanko bindiga da agwagi, na zura riga, na kafa hula. Lissafina ya tsaya a riga, bai kai tabarma ba.

Muna isa na ga abin da na manta. An shimfiɗa tabarmi a inuwar itatuwan ƙofar gida, jama'a sun cika, ga takalma tuli a gefe. Kowa ya zo ya tuɓe ya wuce. Sule ya tuɓe nasa ya wuce. Ni na tsaya ina kallon ƙafafuna, kamar yau na fara ganinsu.

Sanƙira, mai ɗaga murya ya maimaita wa taro duk abin da aka faɗa, ya ce, "Ina wakilin ango? A matso, Liman na sauri."

Hanyoyi uku ne a gabana, na kuwa jera su a raina. In taka tabarmar mutane da takalmi a gaban liman. In tuɓe, wanda ke nufin in tuɓe duka. Ko in tsaya a waje in yi magana daga can. Na ɗauki ta uku. Na je bakin tabarma na tsuguna a ƙasa.

Akwai abin da bincikena na kasuwa bai nuna mini ba. Idan mutum ya tsuguna cikin robar nan, iskar da ke ciki sai ta nemi hanya, kuma ta wajen ƙirji take fita, da ƙara. An yi shiru ana jiran addu'a. Ƙarar ta fito doguwa, ta ɗan huta, ta ƙarasa. (Ina so a rubuta cewa roba ce. Ban samu damar faɗa a wurin ba.) Wasu suka sunkuyar da kai. Wani tsoho na kusa da ni ya gyara zama ya ba ni fili.

Liman ya ce, "Bismillah, Malam, shigo ciki."

"Nan ma ya yi, Allah gafarta Malam."

Malam Buba bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi wurin da aka bar mini kusa da shi.

"Tabarmar ce ba ta yi maka ba? Sabuwa ce. Jiya aka sayo ta, shanu ba su taka ba."

"Ba haka ba ne, Malam Buba."

"To mi ne ne?"

Na yi shiru. Mutum ba ya buɗe baki a gaban surukai ya faɗi abin da ke ƙarƙashin rigarsa. Shirun nan kuwa shi ya fassara da kansa. Ya jawo sandarsa ya miƙe.

"Liman, a dakata. Wanda tun ranar farko ya ƙi zama kan tabarmata, ɗiyata a ina zai ajiye ta? Na faɗa tun can baya, aka ce gidansu ba haka yake ba."

'Yan'uwansa suka fara neman takalmansu. Sule ya matso ya ce a hankali, "Yaya, auren yaron nan zai watse."

Sai na miƙe. Na kama bakin babbar riga na fara ɗagawa. Na kai gwiwa, takalmi ne. Na kai ƙugu, takalmi ne. Sanƙira ya ce, "Jama'a, bai ƙare ba." Na tattare rigar har wuya, na tsaya hannuwa sama, baƙar roba tun daga ƙasa har hammata, hulata ta karkace.

Malam Buba ya zo ya zagaya ni yadda ake zagaya saniya a kara. Ya mintsini robar a cinya, ya ja maɗaurin kafaɗa ya saki.

"Duk wanga takalmi ne?"

"Takalmi ne."

"To ka cire shi man."

Na rage murya na ce, "Gajeren wando ne a ciki."

Kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ya ce, "Mi ya ce?"

Sanƙira kuwa aikinsa ke nan, kuma ba ya wasa da aikinsa. Ya juya ga taro ya ɗaga murya: "Wakilin ango ya ce gajeren wando ne a ciki!"

Ba zan bayyana dariyar ba. Abin da zan ce, har daga cikin gida, inda mata suke, an amsa. Malam Buba ya koma ya zauna yana share ido da bakin rawani. Liman, wanda ke duba agogo, ya yanke hukunci: in zauna a bakin tabarma, ƙafafuna a waje. Aka yi haka. Sai dai wanda ya zauna ƙafafu a waje, bayansa ne ke ciki. Saboda haka na nema wa Nura auren Hajara sau uku ina fuskantar baburan da aka jera a bakin hanya, Malam Buba kuma ya amsa wa ƙeyata sau uku cewa ya ba shi. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Nawa ta kafaɗa aka miƙo mini.

Da taro ya watse Malam Buba ya sa aka kawo mini fura a ƙwarya, ya zauna gefena, shi ma ya miƙe ƙafafunsa waje.

Ya ce, "Da ka faɗa mini a kunne tun zuwanka, da na ara maka wando."

Na sha furar.

Robar tana nan, ko tsaga ba ta yi ba, kuma ina shiga ruwa da ita har yanzu. Auren ma yana nan. Abin da na koya kaɗan ne, amma na biya shi da tsada: kafin ka shiga abu don ƙwarinsa, ka tambaya ta ina ake fita, kuma a gaban wa. Kunyar da za ka iya faɗa wa mutum ɗaya a kunne, idan ka ɓoye ta, sanƙira ne zai faɗe ta. Duk lokacin da na je Ƙofa yanzu, Malam Buba yakan shimfiɗa tabarma, ya dubi ƙafafuna tukuna, sannan ya tambayi lafiyar gida.