Yadda Aka Ɗauki Hayar Haƙorana zuwa Ƙarƙana

Yau da safe na shiga gidan gahawar unguwarmu, ban kai ga zama ba na ji wurin ya yi tsit. Mai gahawa ya ajiye mini kofi bai dube ni ba, kafaɗunsa sai rawa suke. Da na ɗaga kai sai ga abin da suka liƙa a bango kusa da jadawalin ƙwallo: shafin farko na wata jarida, hotona ya cinye rabinsa. Ni ne dai, Lutfi mai gyaran agogo, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana muku ƙorafi a wannan fili na jarida, baki a wangale har ana iya ƙirga haƙoran da suka rage mini. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Talakawa sun gamsu.

Maƙwabcina Si Sadok ya miƙe, ya cire hula, ya share mini kujera da ita, ya ce wa jama'a a matsa wa gamsasshe ya zauna. Ban yi musu ba, don hoton nawa ne, haƙoran ma nawa ne. Amma kafin ku ma ku yanke mini hukunci, ku ji yadda aka yi.

Litinin ɗin makon jiya likita ya duba takardun matata Bahija, ya juya su, ya sake juyawa, sannan ya ce ciwon da muka yi wata tara muna fama da shi bai ga ko alamarsa ba. Na rungumi likitan, na rungumi mai gadin asibiti, saura kaɗan in rungumi wani mutum da ya zo a cire masa ɗinki. Ni da Bahija muka sauko bene. Nan ta tsaya, ta dogara da sandarta, ta ce ranar Asabar tana so ta kwana a tsibirin Ƙarƙana. Can aka haife ta, yayanta Mabruk yana can yana sana'ar su, kuma rabonta da tsibirin shekara shida, alhali daga tashar jiragen ruwa ta garinmu Safakus tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Daga ranar hankalina bai sake zama wuri ɗaya ba. Na sayi malafa. Na sayi wata malafar don kada iska ta ɗauke ta farko. Na wanke tsohuwar motata har sau biyu, abin da ban yi mata ba ko a bikin 'yarmu Wafa. Wani ya kawo agogon hannu a sa masa batiri, na sa masa, na hana shi biya, na kuma ba shi labarin tsibirin bai tambaye ni ba. Bahija ta daka harisa, wannan yajin barkonon namu, ta cika tulu da man zaitun, ta ƙulle alewar almon a leda don matar yayanta. Tafiyar kwana ɗaya da yini, amma duk wanda ya ga kayanmu a bakin ƙofa zai ɗauka tashi za mu yi daga unguwar. Si Sadok, wanda rabonsa da hawa jirgin ruwa tun yana da gashi, shi ya naɗa kansa mashawarci. Ya ce mu ɗauki jirgin bakwai na safe, mu zauna ta hannun hagu, kada mu ci komai mai maiƙo, kuma idan akwai wuri a bayan mota shi ba shi da wani uzuri ranar Asabar.

Saura wurin mota a jirgi, don Bahija ba ta fara doguwar tafiya a ƙasa ba tukuna. A nan ne ya kamata mu gode wa manyanmu, Allah ya ƙara musu kujeru masu laushi. A bara suka ƙaddamar da sayen tikiti ta intanet, da kiɗa da jawabi, da ƙyalle mai tsawon motar haya an rubuta cewa daga yau layi ya zama tarihi. Wafa ta zauna da wayarta ranar Laraba. Aka tambaye ta lambar katina, lambar mota, launin mota, sunan mahaifiyata. Da ta cika duka sai aka taya mu murna, aka ce mu je tasha da kanmu a tabbatar da cewa daga gida muka yi.

Alhamis da hantsi muka isa, ni da Si Sadok. Gaskiyarsu ce, layin nan guda na da ya zama tarihi. Yanzu uku ne: na waɗanda suka yi ta intanet, na waɗanda ba su yi ba, da na masu tambayar wanda ya kamata su bi. Muka bi na ukun, aka tura mu na farko. Duk da haka ban daina nishaɗi ba. Na nuna wa wata tsohuwa malafata, na duba wa wani direba agogonsa, na ce masa daidai yake tafiya, shi kaɗai ne a ginin nan.

Da azahar na isa taga. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya buga hatimi a takardata sau biyu kafin ya gaya mini babu jirgi ranar Asabar. Na tambaye shi sabon jirgin fa, wanda aka yanka masa ƙyalle sau uku, ranar da aka sayo shi, da ranar da aka yi masa fenti, da ranar da aka raɗa masa suna. Ya ce an keɓe shi don Mai Girma Sarkin Almakashi da tawagarsa, za su tsibirin don wani babban taro. Na ce to tsohon jirgin. Ya ce shi zai yi jigilar kujeru, lasifikoki da furanni na taron. Na ce taron mene ne. Ya leƙa wata takarda ya karanta mini: taron sauƙaƙa wa talaka zuwa tsibiri.

Nan fa dariya ta ƙwace mini. Na so in yi faɗa, Allah ya sani, kalmomin ma sun taho, amma farin cikin kwana huɗu ya tare musu hanya. Na dafa bango ina ta ƙyaƙyatawa har hawaye, ina kuma tunanin yadda zan koma in gaya wa matar da ta yi wata tara tana kallon silin ɗin ɗaki cewa furanni sun riga ta samun wuri.

Sai wata mata mai tabarau da fayil a hammata ta tsaya a gabana, ta kare mini kallo daga malafa har takalmi, kamar mai taya rago.

"Baba, sake yin dariyar nan in gani," in ji ta.

Ta ce ita ce mai shirya tafiyar manya, kuma tana neman mutum ashirin da za su hau jirgin a matsayin gamsassun fasinjoji. Ta samu goma sha takwas. Sharaɗin ba wuya: ba mota, ba magana da 'yan jarida, tufafi kada su cika sabunta kada kuma su cika tsufa, sai murmushi idan an ce a yi. Ta tambaya ko ina da mata. Na ce akwai. Ta ce ya yi daidai, tsoho da tsohuwa sun fi fitowa a hoto.

Si Sadok ya ja ni gefe. Ya ce wannan sayar da mutunci ne tsirara, mutum irina da ake karantawa har a wurin aski bai kamata ya zama kayan ado ba, kuma shi a matsayinsa na maƙwabcin shekara talatin ba zai zuba ido ba. Da ya gama ya juya wurin matar, ya gyara wuyan riga, ya tambaye ta ko ashirin ɗin ba za su iya zama ashirin da ɗaya ba. Ta ce ya yi murmushi. Ya yi. Ta ce ya bari, Allah ya ba da haƙuri, fuskarsa ta mai shigar da ƙara ce.

Muka kama hanyar gida. Ni kuma kunya ta fara kama ni da gaske, don na san abin da na rubuta a kan irin waɗannan hotuna, kuma na san kun karanta. Na tarar da Bahija tana ninke zanen da za ta kai wa matar yayanta. Na zauna na zayyana mata komai, na ƙara da dogon bayani a kan aƙida da abin da mutane za su ce. Ta saurare ni har na gama.

"Jirgin zai isa Ƙarƙana?" ta tambaya.

"Zai isa."

"To tashi ka je ka wanke haƙoranka."

An ce mu hallara ƙarfe bakwai ranar Asabar. Mun hallara, aka raba mana 'yan tutoci, aka koya mana kaɗa su: kada a yi da sauri kamar ana korar ƙuda, kada a yi a hankali kamar ana rakiyar gawa. Ranka-ya-daɗe ya iso goma da rabi, bayansa Shugaban Kwamitin Sa Ido kan Masu Sa Ido, da Wazirin Jawabi, da wasu mutum hamsin da aikinsu gyaɗa kai. Aka yi jawabi a kan kusantar talaka, sannan suka haye sama ɗakin sanyi aka rufe ƙofa, mu aka jera mu a fili cikin rana. Malafata ta biyu na ba wani gamsasshe mai sanƙo.

Da jirgi ya tashi mai hoto ya zo kaina. Aka ce in yi murmushi, na yi, ya ce kamar mai ciwon haƙori. Na sake, ya ce kamar wanda aka kama da kayan sata. Mai fayil ta fara duba takardarta da alamar ta yi asarar kujera biyu. Suka bar ni suka koma kan wasu.

Can bayan kamar awa guda kawunan dabino suka fara ɓullowa daga cikin ruwa, don tsibirin namu ba shi da tudu, bishiyoyinsa ake fara gani kafin ƙasarsa. Bahija ta miƙe. Sandarta na jingine a jikin benci, ba ta ko waiwaye ta ba. Ta taka, ɗaya, biyu, har goma sha ɗaya, ina ƙirgawa, ta kama ƙarfen gefen jirgi, iska na kaɗa mayafinta. Ta nuna wani wuri da ni ban ga komai ba sai ruwa, ta ce can ne mahaifinta yake kafa shingen kifinsa na ganyen dabino. Sai ta juyo ta ce, "Lutfi, zo mana ka gani, ka zauna kamar buhu." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ƙarar kyamara kawai na ji daga gefe.

Wannan shi ne hoton da ke bangon gidan gahawa. Sun yanke ta daga ciki, sun bar ni ina kallon sama, daidai inda tagar manya take.

Da muka sauka motoci suka kwashe tawagar cikin minti biyu. Mu ashirin muka tsaya a bakin tasha da tutocinmu. Wani ya tambayi mai fayil yadda za su koma Safakus, don yawancinsu ba su san kowa a tsibirin ba, an dai ce musu akwai abincin rana. Ta duba fayil gaba da baya, ta ce a tsarin da aka ba ta gamsuwa ta ƙare a nan, ba a rubuta dawowa ba. Yaya Mabruk ne ya loda bakwai daga cikinsu a bayan motarsa ta kifi tare da mu, sauran ya kira maƙwabta a waya su kwashe su. Ranar matarsa ta dafa kuskus da ƙarnit, wannan dabbar teku mai hannu takwas ɗin, a tukunyar biki. Bahija, wadda tun kaka nake lallashi ta ci cokali uku, ta cinye kwano ta miƙa a ƙara.

Da la'asar ta shiga teku da rigarta. Ruwan can sai ka yi tafiya mai nisa bai wuce gwiwa ba, ita kuwa ta yi ta tafiya, ni ina biye da takalmanta a hannu ina cewa ya isa haka, tana cewa bai isa ba. Lahadi da yamma muka dawo a tsohon jirgi, zaune kan kujerun taro, tsakanin furannin da suka yi yaushi. Wani ma'aikaci ya gaya mini an yi nasara ƙwarai: an amince matsalar tana da girma, kuma za a sake zama a kanta a wani tsibirin da otal ɗinsa ya fi na wannan kyau.

Duk wannan na faɗa wa mutanen gidan gahawa, suka saurara, suka ce Allah ya ƙara wa Bahija lafiya, amma hoto ba za a cire ba. Ina cikin shan gahawata da ta huce wayata ta yi ƙara. Mai fayil ce. Ta ce manya sun yaba da fuskata ƙwarai, kuma ranar Laraba za a buɗe sabuwar maƙabarta a bayan gari, ana neman gamsassu goma. Na yi mata godiya da wannan karamci, na tambaye ta ko wannan karon an rubuta dawowa. Ta ce za ta duba fayil ta kira ni.