Gangarar da Ke Jiran Cikar Teku

"Riƙe ni, ɗan banza! So kake kifaye su yi walima da ni?"

Nei Vilimaina ke nan, ƙanwar babana, a kan keken guragu, ƙafafun keken na gaba suna lilo a iska. Na kafa diddige ina ja da baya, zanina ya kwance, masunta sai dariya suke.

Jama'a, sabuwar gangara ce Masu Girma daga birni suka gina mana a bakin teku, wai don mai keke ya sulala cikin kwalekwale ya je tsibirin da suka mayar gandun kunkuru. Aiki ya yi kyau, har da fenti. Sai dai jirginsu babba ne, ba ya ƙetare duwatsun murjani sai teku ta cika, don haka ba su taɓa ganin bakin ruwanmu a janye ba. A cike suka auna, a cike suka yanka kyalle. Da ruwa ya janye, sai gangara ta ƙare a sama, tsakaninta da kwalekwale ya fi tsayin mutum. Gani ya kori ji!

Nei kuwa kabarin mijinta yana tsibirin, an jera masa duwatsu a gindin kwakwa, rabonta da shi tun da ciwon suga ya ci ƙafarta.

Maƙwabcinmu Sairusi ya ce, "Ku jira ruwa mana, Nei. Da yamma zai cika."

"Da yamma an rufe gandun, sarkin dabara! Ko mamacin za ka ce ya zo ya same ni?"

Ƙarshe dai tabarmar da muke zaman shan kava, abin shanmu na gargajiya, aka ɗauko. Ƙarti huɗu suka kama gefe, muka sauke ta kamar buhun rogo, tana zagin kowa da sunan kakansa. Ta isa, ta share kabarin, ta kai masa tsegumin ƙauye kaf.

Mun dawo ke nan da yamma, teku ta cika, na mayar da ita kan keke a saman gangara, sai ga wani baƙo ya sauko daga babban jirgi, takalmi na sheƙi.

"Albishirinki, Mama! Hanyar siminti zan shimfiɗa muku a gandun, miƙaƙƙiya sambal. Wasu tsofaffin duwatsu kawai za mu kawar a gindin kwakwa."

Nei ta dube shi, ta dube ni.

"Ɗana, saita ni da shi, ka saki birki."

Ni dai tun ina yaro ban taɓa yi wa babba musu ba.