Ranar da na ba ƙwallayen tanis iska

Da yayana Usman ya gudo garinmu Gadarif daga Khartum, da ƙwallayen da yake koyar da tanis da su kaɗai ya tsira. Na matsa wasu, na ji laushi luɓus. Ni da nake facin tayar lori, wannan ai wasa ne! Ban tambayi kowa ba, na bi su da allurar famfo, duk suka huje.

Yana shigowa ya dafe kai. "Innalillahi! Ya zol, bawan Allah, haka aka ƙera su! Masu laushin na 'yan koyo ne, masu taurin na gasa!"

Washegari kuwa ɗalibansa na farko za su zo.

Har yau in na taɓa tumatir a kasuwa, sai matata ta ce, "Usta gwanin faci, don Allah kar ka ba shi iska."