Kututturen da Kaka Jumma Ta Dafa Wake da Shi

"Lafiya lau, ya ruwa?" Bakin Salahuddeen ne kawai yake gaisuwar, idonsa yana can bayan madafar kakarsa Jumma a Nasarawo. Wurin wayam. Sati uku ke nan da ya ciccibo wani ruɓaɓɓen kututture daga daji ya ajiye a nan, saboda wani farin abu sili-sili da ya tsiro a jikinsa. Abokan karatunsa har musu suka yi da suka ga hoton, wai ƙanƙara ce irin ta ƙasashen sanyi. A kan abin nan ya rubuta aikinsa na gama jami'a, gobe kuma malaminsu zai duba da idonsa. In babu, sai baɗi.

"Tsohuwa, ina itacena?"

"Ka ci waken jiya?"

"Na ci."

"To ka cinye itacenka. Da ƙyar ma ya kama, sai hayaƙi, malalaci irin mai shi."

Ran Salahuddeen ya ɓaci, ɓacin gaske.

"Shekara huɗu na karatu kika zuba a murhu? Wallahi yau na sake ki, saki uku."

"Ka taimake ni. Mijin da ko turmin atamfa bai taɓa kawo min ba, sai ruɓaɓɓen itace, yana ba shi ruwa safe da yamma kamar ɗan maraƙi."

"Kimiyya ce, ba tallar nono ba. Ke da haƙoranki biyu me kika sani?"

"Da biyun nan na ci naman sunan ubanka. Faɗa min, mai kimiyya, ƙanƙara ce ko ba ƙanƙara ba?"

"Fumfuna ce, dangin naman kaza. Sai da na kai ta ɗakin gwaji."

"Har ɗakin gwaji. Mu a wajen kiwo murzawa muke da yatsa. Ƙanƙara narkewa take, wannan kuwa maƙalewa take, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kuma ba ta fitowa sai gefen da rana ba ta gani. Kai kuwa ka shanya ta a bayan madafa, ta bushe tun ranar Talata. Gawa na ƙona."

Ya san tun ranar Talata bai leƙa wurin ba. Ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai. Tsohuwar ta dube shi, ta ja tsaki mai tsawo, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Tashi, sakarai. Janye randar can."

Ya janye. A lungun, inda ruwa yake tsatsafowa, wani tsohon turmi ne a kife, ya tsage, gindinsa ya yi fari fat da irin silin nan, ya ma fi na kututturen yawa.

"Kakanka ne ya sassaƙa shi, daga dajin da ka je kana yawon banza. Tun da ya rasu ban yarda ko tsintsiya ta taɓa shi ba."

Salahuddeen ya tsuguna ya murza kaɗan ya sansana. Ita ce.

"Kaka, malam sai ya datsi itacen da zarto."

Ta juya masa baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

"Ya datsa. Mai shi da yana nan, da kansa zai ɗora maka a keke."

"To na mai da ke ɗakinki," ya ce, yana dariya.

"Wa ya ce ina son komawa? Ɗauki ka tafi. Ka dai dawo min da ɓarin da ya rage."