Auren Bishiyoyin Bakin Tafki

"Furen ke nan? Na aike ka furen biki, ka kwaso mini ragowar akuya?"

Palash ya dire kwandon a gaban kakarsa, Dida Monorama, wadda ta baje tabarma tsakanin bishiyoyi biyu na bakin tafkin unguwarsu a Howrah. Ta riga ta ɗaura wa ɗaya jan sari, wato zanen amarya, ɗayar kuma farin mayafin ango. Jibi wani mai gine-gine zai sa a sare su, motocin yashi su samu hanyar cike tafkin, kuma Palash ne direban motar farko. A unguwar kuwa ba mai ɗora gatari kan bishiyar da aka ɗaura wa aure.

"Dida, ke da ba ki da haƙori ko ɗaya, ke ce uwar biki? Me za ki tauna?"

"Kunnenka. Shekara talatin ba mata, ga itace ya riga ka."

"Ai ke nake jira, amaryata."

"In auri mai ɗura wa kifi yashi? Ko a mafarki!"

"Bene hawa shida za a yi, tsohuwa. Ki sha iska a sama."

"Bara da ruwa ya ci unguwar tasha, wa ya zo nan da katifa a ka, yana kuka kamar ɗan maraƙi?"

"Ruwan sama ne a fuskata."

"Mu ko tabarmarmu ba ta jiƙe ba, tafkin nan ya shanye shi. Ku cike shi, ruwan ya tafi ina? Aljihun ubangidanka?"

Palash ya dubi ruwan.

"In ban kawo yashin ba, korata zai yi."

"Kawo mana! A nan za ka same ni, jikin amarya. Ka fara binne ni, sannan ka je ka gaya wa uwarka."

"Mota ɗaya ba za ta rufe bakinki ba."

"Gwada ka gani, ragon banza."

Dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauki jeren fure ya rataya wa angon.

"Wa ke tsaya masa?" in ji Palash.

"Maraya ne."

"To, ya samu babban wa. Ubangidan nawa ya kore ni ɗin, in ga ko shi zai tuƙa motar ta kaina."

"Wan ango ba ya zama. Ina makaɗa?"

Ya zura takalmansa, ya nufi layin makaɗa.