Yadda Magidanci Zai Tara Mutum-mutumi Masu Rikiɗa Ba Tare Da Girmansa Ya Zube Ba

Idan kai magidanci ne, furfura ta fara leƙowa a gemunka, amma duk sanda ka zo wucewa ta gaban shagon kayan wasan yara sai ƙafarka ta rage sauri, to zauna, ka zo inda za a yi maka magani. Na san abin da ke damunka. Jar tirelar nan ce ta roba da ke bayan gilashi, wadda in aka ja tayoyinta aka murɗa gabanta sai ta miƙe tsaye ta zama ƙaton mutum-mutumi riƙe da takobi. Kana sonta, kana kuma tsoron bakin mutane. Bi matakan nan yadda na jera su. Na ba ka tabbacin za ka mallake ta ita da 'yan uwanta, kuma ba wanda zai daina gaishe ka.

Mataki na 1: Ƙirƙiro yaro

Kada ka shiga shago da fuskar mai so. Shiga da fuskar wanda aka aiko. Ɗaga kwalin da yatsa biyu, ka yi tsaki, ka ce wa mai shago, "Yaran zamani! Ɗan yayata ne ya dame ni, wai ranar haihuwarsa ta zo."

Ka kiyaye bakinka daga nan. Wanda aka aiko ba ya tambayar ko wannan bugun farko ne, ba ya kuma shinshina kwali.

Bayan ka yi ta zuwa, wata rana mai shagon zai sa maka kaya a leda, ya dube ka ya ce, "Yallaɓai, wai wannan ɗan yayar taka sau nawa aka haife shi?" Kada ka yi dariya. Ce masa dangin naku na da yawa, ka fita da saurin mai uzuri.

Mataki na 2: Shigar da kaya gida

Jira matarka ta ɗauki waya da ƙanwarta. Wannan hirar ba ta ƙarewa da wuri, ko firiji za ka iya shigowa da shi ba ta sani ba. Wuce ɗakin baƙi kai tsaye, ka hau kujera, ka tura kwalin saman kabad, bayan barguna. Masana sun tabbatar cewa ba a taɓa neman bargo sai an yi baƙo, baƙo kuwa ba ya zuwa gidan da ba a gayyace shi ba. Saboda haka daina gayyatar mutane.

Mataki na 3: Kada ka buɗe

Wannan ita ce babbar doka. Mutum-mutumin da aka buɗe kwalinsa ya zama abin wasa. Wanda ke rufe kuwa kayan tarihi ne. Za ka ce, to mene ne amfanin abu mai rikiɗa in ba za a rikiɗa shi ba? Tambayar sababbin shiga ke nan. Kai dai ka rufe ƙofa, ka sauko da kwalin, ka goge shi da gefen rigarka, ka leƙa ta tagar ledar da ke gaba. Hoton yadda yake komawa yana bayan kwali. Wannan ya ishe ka.

Mataki na 4: Ranar da za ta gano

Za ta gano. Za ka dawo daga aiki ka same ta a falo, kwalaye jere a kan tebur kamar an kama ɓarayi.

"Maigida, bargo na je ɗaukowa, sai jirgin sama ya faɗo mini a ka."

Kada ka ce, "Kwalin ya lotse?" Na san wanda ya faɗi haka, kuma ya daɗe yana cin abinci ba gishiri. Fara da tambayar lafiyar kanta. Sannan ka gyara murya ka ce jari ne, nan gaba za a neme su ido rufe.

"Jari," za ta ce, tana juya motar kashe gobara a hannu. "Ni da nake zaton mata ce kake ɓoyewa. Ashe direbobi ne."

In ta yi dariya, ka tsira. Mayar da kayanka sama, ka bar maganar.

Mataki na 5: Idan suruki ya zo jinya

Nan ne ake gane gwani. Wata rana za a kira daga asibiti a ce mahaifinta ya faɗi, hawan jini ya taɓa masa hannun dama. Za a sallame shi, kuma ba inda ya dace da shi sai ɗakin baƙinku. Ka san surukin naka, tsohon hedimasta ne, mutumin da in ya dube ka sai ka ji kamar ba ka yanke farce ba.

Ba za ka samu lokacin kwashe kaya ba. Lulluɓe su da zanin gado, ka ce takardun ofis ne.

Sai dai mutumin da za a shigo da shi ba shi ne wanda ka sani ba. Zai zauna bakin gado ya zuba wa bango ido. Abinci sai an yi ta lallashi. Likitar da ke motsa masa hannu za ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, shi kuwa ya tura ta ƙarƙashin gado da ƙafa ya ce shi ba kyanwa ba ne. Matarka za ta riƙa daɗewa a kicin, famfo a buɗe, don kada a ji kukanta. A irin wannan lokaci ba a zancen kwali. Kai dai ka riƙa kai masa ruwan wanka, kana satar kallon saman kabad.

Mataki na 6: Idan ka ji ƙas-ƙas

Wata yamma za ka shigo gida ka ji wata 'yar ƙara daga ɗakin baƙi. Ƙas. Ƙas. Ba ka taɓa jin ta ba, amma jikinka zai gaya maka ko ta mece ce. Mai aikin shara ta sauko da kayan don ta kakkaɓe ƙura, ta bar su a ƙasa.

Leƙa. Ga Baba a kan gado, ga jar tirela tsirara a cinyarsa. Kwalin da ka yi shekaru kana gogewa an yage shi ta tsakiya, an ɗora kofin shayi a kan rabinsa.

Kada ka yi ihu. Riƙe ƙofa har jirin ya wuce.

"Kai, zo nan," zai ce, ko ɗagowa ba zai yi ba. "An zana mutum a jikin kwali. Kan nasa ta ina yake fitowa?"

"Baba, ai wannan ba a cika…"

A nan za ka ji an mintsine ka a baya. Matarka ce. Bi inda take kallo. Da hannun dama yake riƙe da tirelar, babban yatsansa na rawa yana tura taya.

Durƙusa. Miƙa hannu za ka nuna masa, zai buge hannun.

"Ban ce ka taɓa ba. Faɗa mini da baki."

To faɗa masa. A fara naɗe ƙofofi, a ja tayoyin baya su zama ƙafafu, sannan a danna rufin. Ka haddace wannan tuntuni daga bayan kwali. Zai kuskure, tirelar ta suɓuce, ka ɗauko masa, ya sake. Gumi zai tsattsafo masa a goshi, shayi ya huce. Can sai ka ji ƙas, kai ya ɓullo. Tsohon zai dubi abin, ya dube ka, ya fashe da wata dariya da rabin baki, irin wadda 'yarsa ba ta ji ba tun kafin asibiti.

"Ɗan banza," zai ce wa mutum-mutumin. "Ashe a ciki ka ɓuya." Sannan ya nuna sauran kwalayen da haɓa. "Waɗancan takardun ofis ɗin fa?"

Mataki na 7: Ci moriyar nasararka

Daga ranar an daina ɓoye-ɓoye. Likita za ta zo ta ga yatsu na lanƙwasuwa, ta ce duk abin da ake yi a ci gaba. Matarka da kanta za ta riƙa tare ka a ƙofa: "Maigida, ka biya shago gobe, Baba ya gama da motar kashe gobara, ya ce jirgin nan na yara ne, a samo masa mai wuya."

Ka ga, yanzu da izini kake saye. Gaskiya ne ko ɗaya ba ya kwana a kwali, an karya wa jirgi fiffike, takobin tirela kuma da shi Baba ke susar kunne. Amma kai ma za ka rikiɗa su a karon farko, in ya tafi wanka. Ka tabbata ka mayar da su yadda ka same su, domin yana ganewa.

Mataki na 8: Rakiya

Ranar da zai koma gidansa, za ka tarar ya shirya jakarsa da kansa, ya ja zif da hannun dama. Jakar za ta yi nauyin da ba ta zo da shi ba. Kada ka tambaya. Saman kabad ma kada ka duba, ba komai a wurin sai barguna.

A bakin mota zai miƙo maka hannu, ya damƙe naka har sai yatsunka sun yi ƙara.

"Ka ji?" zai ce.

Ce masa ka ji, Baba. Ka ɗaga masa jakar ka sa a but, a hankali, don ka san su wa ke ciki.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In kwali ya yage, in mai shago ya koma ajiye sababbin kaya sai surukinka ya fara zaɓa, in abokan aikinka sun ga ƙafar roba na leƙowa daga aljihunka, kai ka jawo wa kanka. Kada a kawo mini ƙara gida, musamman ranar Asabar, ba na nan. Ina wajen surukina. Ya sayi wani jirgin ruwa mai rikiɗa gida uku, ya ce in na zo da wuri zai bar ni in riƙe masa kwalin.