Tag a Robar Bota

Wani ne a unguwarmu a Santiago. Na ga kun zuba mini ido. To ba ni ba ne, ni da gumina na sayi motata, kuma ta fi tasa sheƙi. Shi wannan bawan Allah motar surukarsa Doña Herminia yake ja. Da za ta ba shi makulli sharaɗi guda ta gindaya: ranar da takardar tara ta zo gidanta da sunanta, ranar zai koma hawa bas.

Tun daga nan ya ɗora ransa a kan tag, ɗan farin akwatin nan da ke liƙe a gilashin gaba. In mota ta bi ta ƙarƙashin ƙarfen babbar hanya ya ce "tit", kuɗin hanya ya shiga ke nan. In ya yi shiru, kyamara ta ɗauki lamba, tara ta nufi gidan mai mota.

Wata rana ya tare Froilán bakanike.

"Mutumina, wai me ke cikin abin nan?"

"Batir ne da 'yar ƙwaƙwalwa. Barci yake sha, sai ƙarfen ya kira shi ya farka ya amsa, ya sake komawa."

"In batirin ya ƙare fa?"

"A liƙe yake, ba a buɗewa. Shiru kawai za ka ji wata rana."

"Ba ko sallama?"

"Kakanka da zai mutu sallama ya yi maka? Batirin yana kai shekara biyar ko fiye, in zafin rana bai cinye shi ba."

Zafi ashe. Gogan naka ya tuna kakarsa a firji take ajiye batirin rediyo. Daga ranar kullum ya dawo gida sai ya ɓamɓare tag, ya sa a tsohuwar robar bota, ya tura bayan cuku. Da ma a gidajenmu robar bota komai kana iya samu a ciki ban da bota.

Ran Lahadi za su kai tsohuwa shan iska bakin teku. Ta zo da sassafe, ta buɗe firji, ta kwashi burodi da cuku da robar bota ta zuba a jaka. Ta shige gidan bayan mota kusa da 'yarta Eliana, matar gogan, ta rungume jakar.

Sai da suka hau babbar hanya ya ɗaga ido. Gilashi wayam. Ga ƙarfe yana tahowa, babu wurin juyawa. Har ya fara tuno lambar bas ɗin unguwa.

"Tit," in ji wani abu daga baya.

Ya yi ajiyar zuciya. Tsohuwa kuwa ta dafe ƙirji, don bara likitoci suka dasa mata ɗan injin bugun zuciya, shi ma mai batir.

"Eliana, kin ji? Daga jikina ya fito."

"Mama, ko wayarki ce?"

"Wayata carar zakara take yi. Batirina ne yake ƙarewa."

Nan gogan ya gane inda tag yake. In ya faɗa, asiri ya tonu. In ya ƙi faɗa, ga wani ƙarfen a gaba, kuma daga can baya ba lallai ne abin ya sake amsawa ba.

Sai ya ce, "Mama, matso gaba tsakanin kujeru. Ɗaga jakar nan saitin gilashi, an ce miƙa hannu na taimakon zuciya."

"Wa ya ce?"

"Froilán."

"Bakanike?"

"Ai inji ne, Mama."

Ta matso, ta ɗaga jaka da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi. Tit. Ta yafe wa ƙanwarta da suka shekara tara ba sa magana. Tit. Ta bar wa Eliana keken ɗinki. Tit.

"Kai kuma ɗana," in ji ta da hawaye, "na daɗe ina ce maka rago. Motar nan in na tafi taka ce."

Ya share ido, ya ce bai cancanta ba, ya ƙara wuta zuwa asibiti ta hanyar da ta fi yawan ƙarafa.

Likita ya duba ta sama da ƙasa. Ya ce batirinta zai binne duk wanda ke ɗakin. Murna ta kama ta, ta ce wallahi sai likita ya ci burodi da bota. Ta zaro wuƙa, ta buɗe roba.

Ga tag a kwance, sanyi ƙalau.

Ta dubi tag, ta dubi suruki.

"Mama, don ya daɗe ne. Zafi ke kashe shi. Kuma ki lura, ko tara ɗaya ba a ci mu ba."

Ta miƙo tafin hannu. Ya ɗora makulli. Ta jefa shi cikin robar, ta danne murfi.

"Mama, ina za ki kai shi?"

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Firji zan sa maka shi ya daɗe."